Mai Magana a Bayan Zana

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da 'yata ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, don a shekarar ce na fara jin tsoron yarinyar da na haifa da cikina. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Uwani. Kun san yadda abin yake a wurinmu: ba na kiran sunanta na yanka, ba na yabonta, ba na nuna na damu da ita a gaban mutane. Ko faɗuwa ta yi kawar da kai nake, kakarta Iya ce mai ɗagawa. (Amma ta wutsiyar ido babu motsin da take yi ban gani ba.)

Lakwal ɗin ƙauyenmu, nan kusa da Bande, ɗakin siminti ɗaya gare ta. Sauran azuzuwan rumfunan kara ne da ake kafawa a jere bayan girbi. A bayansu akwai wata tsohuwar tsamiya da ko awaki ba sa kwanciya a inuwarta.

A hankali abin ya fara. Idan ta dawo da rana tsaka, lokacin da gari ya yi tsit, maimakon ta nemi fura sai ta wuce bayan rumbu ta zauna tana fuskantar danga. Bakinta na motsi, yatsanta na zane a ƙasa. Ran nan na laɓe na saurara. Sai na ji ta yi gyaran murya sau biyu, irin na babban namiji mai cin goro, sannan ta shiga zuba Faransanci da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. Muryar ta yi tambaya, aka yi shiru, Uwani ta amsa da 'yar muryarta, muryar ta dawo ta ce wani abu. Ni shekara biyu na yi a lakwal na fito da gaisuwa kawai, amma na san 'yan ajin farko ba su wuce a da i da o ba. Da ta ji motsina ta shafe ƙasar da tafin hannu, ta juyo ta zuba mini ido. Ko murmushi babu.

Bayan 'yan kwanaki Iya ta ɗauko ƙwayar ciwon ƙafarta za ta haɗiya. Yarinyar ta dubi kwalin ta ce, “Iya, kar ki sha. Kwanansa ya ƙare tun kafin azumi.” Iya ta yi dariya, amma da ta je gidan likita ta nuna, aka ce mata gaskiya ne, ta zubar. Ita murna ta yi, wai mai sunanta ta gaji kaifin kanta. Ni kuwa ban ga abin murna ba. Ta yaya yarinya 'yar shekara bakwai za ta san ranar mutuwar magani?

Da na same ta ita kaɗai ina yi mata kitso, na tambaye ta ƙasa-ƙasa.

“Ke, wa yake koya miki waɗannan abubuwan?”

“Mai magana a bayan zana.”

“Wace zana?”

“Ta ajinmu. Kullum yana magana. Sauran ba sa saurarensa, ni ce nake ji.”

“Kina ganinsa?”

“Ba a ganinsa daga wurin zamana. Muryarsa dai.”

Na ci gaba da kitson. Tsamiyar nan kawai nake gani a idona.

Za ku ce me ya hana ni in je in tambayi mushensu, wato malaminsu. To da wane ido? Uwa ta taka har lakwal kan 'yar fari, ai kafin in dawo gida an gama da ni a bakin rijiya. Babanta yana Kano ci-rani, da na faɗa masa a waya cewa ya yi in riƙa yi mata addu'a, sai layin ya katse.

A rijiyar kuwa na ji sauran labarin, daga bakin Talatu mai sayar da ƙosai a ƙofar lakwal. Ta ce Mushe Sani, malamin ajinsu, yana tsayar da yarinyar bayan an tashi, ya yi ta yi mata tambayoyi yana girgiza kai. Wai ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa ganin irinta ba, ba za ta ci gaba da zama cikin sa'o'inta ba. “Jibi manya za su zo daga Magariya da mota, takanas saboda ita,” in ji Talatu. Nan take na tuna wani ɗan ƙauyenmu da ya fara magana shi kaɗai muna yara. Shi ma mota ce ta zo ta tafi da shi Damagaram, kuma ba mu sake ganinsa ba.

Na yanke shawara ni kaɗai: kafin su ɗauke ta, zan kore abin da ke jikinta. Na samo tazargade da tafarnuwa wurin wata tsohuwa, na ƙara da busasshen barkono, don na ji an ce mutanen ɓoye ba sa jure shi. (Ashe babu mai jure shi.)

Da ranar ta zo, da hantsi na hango farar mota a gindin tsamiya. Na zuba garwashi a kasko, na rufa da mayafi, na bi ta bayan gonaki. An fitar da 'yan ajinsu waje, wasu iyaye sun taru nesa kaɗan suna kallo. Na leƙa ta ramin zana. Ga 'yata tsaye ita kaɗai gaban allo, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ga darakta, shugaban lakwal ɗin, ga Mushe Sani, ga wata madam mai tabarau tana kallonta ba ƙiftawa. Madam ta ce wani abu. Yarinyar ta ɗaga kai, ta yi gyaran muryar nan sau biyu.

Ban san lokacin da na watsa maganin a wuta na faɗa ciki ba. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Na rungumo ta da hannu ɗaya, ina zagaya kaskon a kanta da ɗayan, ina kuka ina kiran sunan da ban taɓa furtawa ba tunda na shigo gidan mijina.

“Hajara! Hajara, dawo!”

Daga kusurwar rumfar wata murya ta ce, “Na'am.”

Iya ce, zaune a kan benci, ta ɗora hannu a kan sandarta. Ashe ita darakta ya kira a madadin uban, ita kuma ba ta ga dalilin faɗa wa uwar 'yar fari ba.

Mushe Sani ya fizge kaskon ya yi waje da gudu, na ji ƙarar ruwa a kan garwashi. Madam ta cire tabarau tana tari, hawaye na bin kumatunta. Sai daga bayan zana, dab da kunnena, wani ya yi gyaran murya sau biyu. Na nuna wurin da yatsa.

Darakta ya sa hannu ya buɗa zanar. Wani siririn mutum ne tsaye da alli a hannu, bakinsa ja da goro, gabansa manyan yara 'yan aji shida duk sun miƙo wuya suna kallona. Zana ɗaya ce ta raba ajinsu da na Uwani. Mushe Sani ne ya mayar da yarinyar can baya, saboda takan riga kowa gamawa ta dami na kusa da ita, ita kuma ta jingina kai da zana ta kwashe karatun manya kaf, har da tarin mai koyarwar.

Madam, da ta samu numfashi, ta yi mini bayani da Hausa a hankali kamar mai lallashin yaro. Ta ce akan samu yaran da kansu ya yi wa ajinsu yawa. Idan mushe ya lura, yakan gwada su da aikin na gaba da su, sannan ya kira su daga Magariya su zo su tabbatar, a tsallakar da yaron aji, kar zaman banza ya sa ya tsani karatu. Babu inda za a kai ta.

Darakta bai yi dariya ba. Ya nuna mini rufin, busasshen kara tun daga wannan gefe har wancan. “Baiwar Allah,” ya ce, “da garwashi ɗaya ya faɗi, ki duba yaran da ke cikin rumfunan nan.” Na duba. Har yau idan na tuna sai in ji sanyi a bayana.

Yarinyar kuwa ta tsorata, ta ƙanƙame zanena ta ƙi buɗe baki. Madam ta fara tattara takardunta, ta ce wataƙila sai wata shekara, don lakwal-lakwal da yawa na jiransu. Ni da na zo ceto, ni na kusa rufe mata ƙofar. Iya ce ta miƙe, ta ɓamɓare hannun yarinyar daga jikina ta riƙe a nata.

“Tunda yau kin iya sunana,” ta ce mini, “sai ki iya hanyar waje ma. Madam, zauna, mai sunana ba ta gama ba.”

Na fita. Rana ta ƙwalle, iyaye sun tsaitsaya suna kallona, inuwa ɗaya ce babu kowa a cikinta. Na je na zauna a gindin tsamiyar, kaskona a gefe, har aka gama. Babu abin da ya taɓa ni sai tururuwa.

An tsallakar da ita zuwa aji uku. Har yanzu takan dube ni wani lokaci da idon nan, in ji gabana ya faɗi, amma na koyi darasi. Idan ta yi abin da ya fi ƙarfin kaina, mayafi nake ɗauka in tafi wurin mushe hannu sake, 'yar fari ko ba 'yar fari ba. Kunyar tambaya kafin la'asar ta wuce. Ta kasko kuwa, har gobe idan na iso rijiya sai wata ta kama tari.