Harsasai Bakwai na Shugaba Pang

Wa zai yabi Pang Yaozu, shugaban 'yan tsaron garinmu, har ya ƙure? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina yi wa kogi da farin wata waƙa, alƙalamina gazawa yake yi in ya zo kansa. Aradun Aljihu muke ce masa, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

Bindigarsa ba ta kai tafin hannu ba. Kullum da hantsi zai zauna a gidan shayin Inna Lu, ya shimfiɗa jan siliki, ya kwantar da ita kamar jaririya, ya jera harsasai bakwai a gefenta, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Ku ƙauyawa ba ku san komai ba sai bindigar toka mai tsawon gora," in ji shi. "Wannan a Beljiyam aka haife ta. Turawa da manyan bindigogi suka fara, da hankalinsu ya cika suka koma ƙanana, masu shiga aljihun falmaran. Ta ƙetare teku, ta hawo kogi daga Shanghai tana neman hannun da ya dace da ita. Ga hannun."

"To, Babban Yaya, yaushe za mu ji muryarta?" in ji Inna Lu. "Ko bebiya aka sayar maka?"

"Ba a ɓata irin wannan harsashi a kan kaji, Inna. Zuba shayi."

Kulawa kuwa, ko 'ya'yansa ba su sami irinta ba. Shekara tara yana tsoma harsasan a kofin man riɗi kowace safiya, yana goge su har suna ƙyalli kamar idon kifi. Ƙudajen garin ma sun san darajarsu.

A shekara ta goma sha biyu da kafa Jamhuriya a ƙasarmu, wani sabon Janar ya cinye gundumarmu, ya aiko Kyaftin Meng yana tankaɗe shugabannin tsaro gari-gari. Na garuruwa biyu da ke sama da mu a bakin kogi an tuɓe su, an gan su ɗauke da kayan sojoji a kafaɗa. Kujerar Pang ta fara girgiza, tare da shayin da bai taɓa biya ba.

A farfajiyar haikali aka tara mu. Kyaftin ya sa aka ɗora kabewa a kan katanga, taku goma. Pang ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, a janye mata da tsofaffi. Ba na son a kurmance saboda ni."

Ya ja kunama. Ƙas. Ya zare harsashin, ya sake ja. Ƙas. Sau bakwai, tsuntsayen da ke rufin haikali ko fiffike ba su ɗaga ba.

Kyaftin ya tsinci harsashi ɗaya, ya sansana.

"Mai ya jiƙa albarushin tun tuni. Yallaɓai, waɗannan ai sai dai a zuba su a taliya."

Gumi ya wanke wa Pang wuya. Muka sunkuyar da kai, muna jiran a kawo masa sandar dako. Sai Kyaftin ya ciro takarda, ya buga mata jan hatimi.

"Janar ya ce duk shugaban da na tarar ya iya harbi, in ƙwace bindigarsa in taho da shi. Kai kam zauna abinka."

Kafin azahar Pang ya zagaye kasuwa da takardar a sama, yana shela: "Janar ya tankaɗe gunduma kaf, bai sami kamata ba!"

Iyakar sanina, ranar ce ya fara faɗin gaskiya.