Katunan Tibiri da Ordinatar Ta Ce An Kai

Ba zan taɓa mantawa da bikin Nana Hadiza ba, ko da ita amaryar ta manta. Yau 'ya'yanta uku, amma ni har gobe in na bi ta ƙofar gidansu a unguwar Zariya, nan Maraɗi, sai na ƙara ma moto, wato babur, wuta.

Lokacin ina ɗan ashirin da 'yan kai, lakkol ta kore ni (ni dai cewa nake ni na kore ta, sau biyu jarrabawa tana kada ni, na ga abin ya zama raini). Sai na koma zaman wani siber, shagon Intanet, a Sabon Gari, na Mushe Isa, wato Malam Isa. Allah sarki wurin nan! Ordinatar, wato kwamfuta, guda shida, biyu ba su tashi sai ka mare su a gefe. Fanka guda, tana juyawa kamar ana binta da roƙo. A ƙofa 'yan fadarmu na dafa shayi tun hantsi. Yanzu ƙanƙara ake saidawa a shagon, kowa ya koma waya, amma ni can na san daɗin duniya.

In rezon Intanet ya ɗauke, ba masu shigowa, Mushe Isa yakan koya mani PHP, yaren da ake ba ordinatar umarni da shi. Na iya kaɗan, na yi baki da yawa. Wata rana ya nuna mani wani umarni da ke cikin yaren, sunanshi array_diff. Ka ba shi jerin lambobi biyu, ya duba na farko, ya fidda maka duk lambar da babu ita cikin na biyu. Ya ƙara wani bayani game da wanda ake sawa gaba, amma kunnena guda na wajen mai ƙosai. Daga ranar na sa 'yan fada su riƙa ce mani Injiniya. Wanda ya ƙi, ba ni buɗe mashi Intanet.

Babana ya yi shekaru yana tuƙa motar Alhaji Mamman, babban ɗan kasuwa, don haka gidan kamar gidanmu ne. Da za a aurar da ɗiyarshi Nana Hadiza, ni na kai kaina, ba wanda ya kira ni.

"Baba Alhaji, a bar mani maganar katin gayyata. Kowane kati zan sa mashi lamba. Wanda ya kai, ya dawo ya faɗa mani lambobin. Ordinatar za ta gaya mana in an manta da wani."

Alhaji ya dube ni ta saman madubin idonshi. "Ita na'urar ta san dangina?"

"Ta fi ni saninsu, Baba."

(Gaskiyar magana, ba dangin ne suka dame ni ba. Akwai Balkisa, ɗiyar ƙanen Alhaji, da ke karatun informatik, ilimin ordinatar, a jami'a. So nake ta gan ni ina danna ordinatar a falo.)

Kati ɗari huɗu aka buga. Kun san al'ada, kati ba ya tafiya shi kaɗai, sai da goro da alawa cikin ƙunshi. Na raba ma 'yan fada: Lawali ya ɗauki Jiratawa, wasu suka ɗauki cikin gari. Kwana huɗu muna zirga-zirga, kowa ya dawo ya karanto mani lambobinshi in shigar. Ni kaina na ɗauki wasu, na ajiye wasu, na aika da wasu, har na daina sanin wanne ne wanne.

Ana saura kwana biyar Alhaji ya ce, "Injiniya, an kai ma kowa?"

Na aro ordinatar hannu ta Mushe Isa, na zauna tsakiyar falo, na gyara wuyan riga. Ga jerin katunan da aka kai, ga jerin katunan da aka buga. Na zuba su cikin array_diff yadda suka zo mani, jerin na kaiwa a gaba, na bugawa a baya. Na danna. Allo ya nuno Array da baka biyu, cikinsu wayam.

"Ka gani, Baba? Ba ko mutum guda."

Hajiya, uwar amarya, ta leƙo. "Har Tibiri? An kai ma Gwaggo?"

Wallahi ban tuna wanda ya ce mani ya je Tibiri ba. Amma na kalli allo, allo ya kalle ni. Na ce, "Hajiya, mutum na mantuwa, ordinatar ba ta yi."

Gwaggo kuwa yayar Alhaji ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidan nan ba a sa amarya lalle sai da hannunta, kuma ita ke kai ta ɗakin miji. Ita ta goyi Alhaji, shi ya sa duk kuɗinshi in tana magana hularshi yake gyarawa.

Ranar sa lalle mata suka cika gida. An kwaɓa lalle, an shimfiɗa tabarmi, amarya na ɗaki an lulluɓe ta. Azahar ta wuce, ba Gwaggo. Ba kuma ko mutum guda daga Tibiri. Alhaji ya kira ta a waya, ya sa kowa na ji.

"Yaya, lafiya? Ke ake jira."

"Ni wa? Ai ni a kasuwa na ji ana biki gidan Mamman. Na ce Allah ya sa alheri."

"Haba Yaya, ai an kawo maki goro."

"Wa anka ba? Ni ban ga goro ba, ban ga ɓawonshi ba. Waya kuma ba a taunawa." Ta kashe.

Aka aika a kira ni. Na shigo da ordinatar a hammata, dattawa jere kan kujeru, mata cike da ƙofa. Ni da kunya ta kamata, sai na ɗaga murya.

"Baba, tsufa ne kawai. An kai mata, ta manta. Ga shaida!" Na danna, na juya allon ina zagayawa da shi kamar mai tallar magani.

Sai Balkisa ta ce, "Yaya Injiniya, mu gani."

(Yaya! Ranar ta fara ce mani Yaya. Har na fara lissafin sadaki.)

Ta duba kamar daƙiƙa biyar. "Wane jeri ka sa gaba?"

"Duk ɗaya ne, ƙanwata."

"Ba ɗaya ba ne. Kai tambayarta ka yi, cikin katunan da aka kai akwai wanda ba a buga ba? To wa zai kai katin da ba a buga ba? Ko guda ɗaya aka kai cikin ɗari huɗun, wayam za ta nuna maka."

Ta ɗauko na baya ta maido gaba, ta danna. Lambobi suka zubo, ashirin da huɗu, a jere reras. Ta ɗauki kundin da na rubuta sunaye da lambobinsu, ta fara karantawa da ƙarfi. Gwaggo. Mijin Gwaggo. Limamin unguwar su Gwaggo. Tibiri kaf.

Alhaji ya ce, "Wa aka ba na Tibiri?"

Na ce, "Ina jin Lawali ne."

Balkisa ta juyo kundin. A gefen lambobin an rubuta "Injiniya da kanshi", da rubutuna, har da layi biyu a ƙasa.

Nan take na tuna. Na ce zan kai su da kaina don girman Gwaggo, na tura su ƙarƙashin kujerar moto, aka kira ni shayi. Aka fita tsakar gida, mata na biye da ni, na buɗe kujerar. Kwana tara cikin zafin Maraɗi da zafin inji. Goro ya bushe ya yi baƙi, alawa ta narke ta manne katunan sun zama dunƙule guda. Wata tsohuwa ta ce, "Oh, ashe injiniya ne na gaske, har ya haɗa su." Gida ya ɗauki dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe da na ba ta tukwici.

Alhaji bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya sa aka kawo sabon goro mai kyau, ya ce, "Ga mota, ga direba. Kada ka dawo gidan nan sai da yayata. In ba ta zo ba, ba lalle."

A Tibiri na durƙusa ƙofar ɗakinta, tana tsintar wake, ba ta ko ɗago ba.

"Kai ne mai na'urar?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Kai ne ka ce tsufa ya kama ni?"

(Labari ya riga mota. Har yau ban san wa ya buga mata ba, amma ina zargin Hajiya.)

"Sharrin shaiɗan ne, Gwaggo."

"Shaiɗan bai hau moto ba. Tashi. Gida ashirin da biyun da sunka saura, da ƙafa za ka bi su. Kowane gida ka yi sallama, ka ce tsohuwa ba ta manta ba, injiniya ya manta. In ka gama ka dawo, in ga ko na tuna inda na aje gyalena."

Haka na yi, gida-gida, rana na dukana, ina maimaita karatun. Wani dattijo har ya ce in sake faɗi, bai ji da kyau ba, alhali ina ganin yana danne dariya. La'asar sakaliya na dawo na tarar da ita cikin mota, ta ci ado, tana taunar goron.

An sa lalle kafin magariba. Da ta gama ta kira ni gaban mata, ta dangwala mani lalle a tafin hannu, ta ce in riƙa kallonshi ina tunawa. Sati biyu ina yawo da hannu cikin aljihu, 'yan fada na tambayata yaushe za a kai ni ɗaki.

Abin da na koya shi ne, ordinatar ba ta ƙarya, gaskiya ne, amma abin da ka tambaye ta kawai take amsawa, kuma ba ta da kunyar da za ta ce maka tambayarka ta wawa ce. Yanzu in na gwada jeri biyu, sai na gwada gaba, na gwada baya. In ta nuna mani wayam, sai in tashi in je in buɗe kujerar moto.