Rasuwar Tashar Zulhumor Adras

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya gaji da kallon waya, ni Zulhumor matar Ismatullo, ta layin marina a Margilon, ƙasar Uzbekistan, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar tasharmu ta Telegram, wadda kuka sani da suna Zulhumor Adras. Ta rasu ranar Talata da azahar, bayan jinyar yini ɗaya da dare ɗaya da ba wanda ya san tana yi. Shekararta huɗu da wata biyu a hannuna. Lokacin da rai ya yi halinsa ina cikin motar haya a hanyar Kokand, da ƙunshin yadi a cinyata, ina murmushi.

Ba ni na haife ta ba, sayenta na yi. A da tashar hotunan kayan amare ce, ta wani ɗalibi mai suna Doniyor, mabiyanta dubu goma sha tara. 'Yan kunnen aurena na sayar na biya shi. Kuma ina so a shaida, tun kafin masu cewa "ai da kin" su buɗe baki, cewa ban yi mata riƙon sakainar kashi ba. A shagon shayi na tsaya a kan yaron nan har ya mayar da mallakarta sunana. Kafin shayinsa ya huce na cire shi, na cire abokansa uku da ya bari a matsayin masu kula. Na soke tsofaffin hanyoyin shiga. Na sa kalmar sirri ta biyu wadda ko mijina bai sani ba. Duk Juma'a, bayan na share tsakar gida, sai na duba jerin wayoyin da ke cikin asusuna, ko wani baƙo ya laɓe. Ismatullo yakan ce, "Ni shekara ashirin da uku ba ki taɓa gadina haka ba." Ni kuma in ce masa shi wa zai sata.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da juriya. Ba ta taɓa neman rumfa a kasuwa ba, ba ta taɓa cewa rana ta yi zafi ba. Ta kai adras ɗinmu, yadin nan mai launuka da muke saƙawa da hannu, garuruwan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. A hannuna mabiyanta suka kai dubu talatin da takwas, kuma ba don kyan fuskata ba. Abin da na nuna shi nake aikawa, in rini ya zuba a gefe in faɗa da bakina. Muryarta guda ce, ting, sai ka san wata uwar amarya a Namangan ko Buhoro ta ga launin da take so. Ina kwaɓa fulawa in ji ting. Ina faɗa da mai rini in ji ting ting, sai faɗan ya mutu. Yanzu gidan shiru, har kazar maƙwabta nake ji.

Game da ciwon ajalinta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na kashe ta.

Ranar Litinin da hantsi saƙo ya shigo daga lambar Gwaggo Saodat, ƙanwar mahaifina da ke Kokand. Shekara uku ba ma magana, tun da aka raba kayan kakarmu na riga ta ɗauke babbar tukunyar dafa osh, shinkafa da naman da muke yi a taro. Saƙon ya ce, "Muna gayyatarki biki, buɗe ki gani." Jikanta Sanjar ya isa aure, kowa ya sani. Wallahi sai da na zauna a bakin rariya. Na ce ashe Gwaggo ta huce, ashe ba za a yi taro a danginmu a tsallake ƙofata ba. Na danna. Aka nemi lambar wayata, na bayar. Aka nemi lambobin da aka turo mini, na bayar. Aka nemi kalmar sirrin nan da na hana mijina, na rubuta ta da yatsana, harafi bayan harafi. Ni fa, wadda ke yi wa matan layinmu wa'azi a kan irin wannan! Hoton zobe biyu da furanni ya fito, babu rana babu wuri. Na ce ba komai, gobe in je da ƙafata, don maganar farko bayan shekara uku ba ta waya ba ce.

Masu sanin abin sun gaya mini daga baya cewa ɓarawon sai da ya jira yini guda cur kafin ya iya taɓa mallakar tashar. A wannan yinin, da na leƙa jerin nan sau ɗaya, da na kore shi da yatsa ɗaya. Amma ba Juma'a ba ce. Na ɓata yinin ina zaɓar wa amarya yadi, mita goma sha biyu, ja da ruwan ƙwai, na alharini zalla.

Da Gwaggo ta buɗe ƙofa ta gan ni, sai ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu, Gwaggo. Biki na zo."

"Bikin wa? Sanjar yana Koriya yana walda. Wayata ce aka shiga, mako guda ke nan tana gayyatar gari. Ke ce ta tara da ta zo mini da ƙunshi." Ta dube ni sama da ƙasa. "Tunda kin zo shigo ki sha shayi. Tukunyar tana lafiya?"

A nan bakin ƙofar na zaro wayata daga jaka. Na buɗe Telegram, sai ta tambaye ni lambata, kamar ba ta taɓa ganina ba. Ban shiga shan shayin ba.

Marigayiya ta bar masaƙa mata bakwai da zarensu a kan itace, ba su san wa za su saƙa wa ba. Ta bar Usta Mirzakarim mai rini, wanda bai hura wuta ba tun Laraba. Ta bar Ismatullo, wanda, Allah ya saka masa, bai yi mini ba'a ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi ba'ar ciwo. Ta bar ni.

Abin da ya fi mutuwar muni shi ne gawar ba ta kwanta ba. Tana nan tana yawo da sunana da hotona. Ɓarayin sun ɗauko tsofaffin bidiyona, da hannuwana ina warware yadi, da muryata ina cewa a taɓa a ji, suka rubuta a ƙasa wai rabin farashi, a tura kuɗi tukuna. Sai da na ari wayar maƙwabciya na shiga a matsayin mabiyiya, nake kallon kaina ina yi wa mutane sata. Ranar Asabar wata mata mai suna Mastura ta taso tun daga Namangan, bikin 'yarta saura kwana tara, kayan da ta biya ba su zo ba. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Yaya, muryarki fa na ji. Da ba muryarki ba ce da ban tura ba." Na shiga ɗaki na ɗauko mita goma sha biyun nan na ba ta. Yadi ɗaya ne gare ni irin wannan, kuma ban san Mastura nawa ke hanya ba.

Na rubuta ƙorafi duk inda aka ce in rubuta, ina jira. Amma sunan da na yi shekara huɗu ina saƙawa ba zai jira ba, kullum ana warware shi. Saboda haka iyali sun yanke shawarar a binne ta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe a tsakar gidanmu. Limamin unguwa ya ce ba a yi wa tasha Fatiha, amma zai zo cin osh, kuma zai yi wa waɗanda aka cuta addu'a. Kowa ya zo da wayarsa. A maimakon zuba ƙasa, kowa zai kai ƙarar tashar wurin masu Telegram, sannan ya danna fita. Na nesa su yi daga inda suke, su gaya wa na kusa da su. Ni zan fita a ƙarshe, da wayar aro. Daga yau duk wanda ya ji muryata a waya tana neman kuɗi, ba ni ba ce. Wannan sanarwa ma da hannu za a raba ta, wanda ya ga an turo masa gayyata da sunana kada ya buɗe.

Gwaggo Saodat, ke kuma taki takardar Ismatullo zai kawo miki har gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da muna magana, kira ɗaya zan yi in ce Gwaggo bikin yaushe ne, da yau ba na rubuta wannan. A tukunyar kakarmu za a dafa osh ɗin. In an gama za a wanke ta, a kife ta a bakin ƙofa. Ki zo ki ɗauki abinki. Ta riga ta ci mini abin da ya fi ta.

Sanarwa daga mai makoki,
Zulhumor matar Ismatullo, a madadin masaƙa bakwai da mai rini ɗaya.