Tashar Makka a Gwiwar Inna

Abubuwa da yawa sun fara fita kaina yanzu, amma ba zan taɓa iya mantawa da ranar Arfar da na yi a gidan surukaina a Kore Mairuwa ba. Na gwada, ta ƙi fita.

A shekarar surukina ya tafi aikin Hajji. Kafin ya tashi ya yi wa matarsa, uwar matata da muke kira Inna, alkawarin zai ɗaga koriyar lema a filin Arfa don ta gane shi a tele, wato talabijin (mutum ɗaya a cikin wannan taro, amma wa zai gaya mata?). To telen gidan ta daina kama tashar Makka. Irin tasoshin nan ne na kyauta da ake kamawa da parabol, farantin tauraron ɗan'adam, sai dai wani lokaci masu tasha su canja lambobinta, kai kuma dole ka shigar da sababbin a dekoda.

Ƙanin matata Idi, ɗan kasuwa, ya ce a kira mai gyara daga Dogon Dutsi. Idi yana cikin samarin nan masu cewa laya bidi'a ce, kuma kullum yana tsokanata wai ilimina daga tawada sai alƙalamin kara. Saboda haka, ba tare da kowa ya tambaye ni ba, na ce ba sai an kira kowa ba. Ni zan gyara.

Na je Dutsi wurin mai sayar da parabol, ya karanto mini lambobin: firikansi lamba biyar, wasu biyar masu bin ta, da harafi ɗaya mai nuna kwance ko tsaye. Ni ban iya boko ba. Na zana gidaje irin na hatimi kamar yadda hannuna ya saba, na sa lambobin a ciki da ajami, na rubuta Bismillahi a sama (ba na fara rubutu ba tare da ita ba), na naɗe takardar ƙanƙanuwa, na ɗaure da zare, na sa aljihu.

A makon ne kuma Inna ta aiko matata Rabi cewa gwiwa ta dame ta, in rubuta mata wani abu. Na zana hatimi, na naɗe ƙanƙane, na ɗaure da zare, na sa aljihu. Aljihun nan dai. Daga nan na zaro ɗaya na ba Rabi ta kai mata. Mai karatu ya riga ya gane. Ni sai da na kwana tara.

Da hantsin ranar Arfa aka fito da tele ƙarƙashin rumfa. Matan unguwa suka cika tabarmi, kowa da azumi a baki. Na zauna cikin babbar rigata, na warware takarda a tsanake, na karɓi telekomand, wato rimot, daga hannun Idi kamar liman yana karɓar sanda. Na shigar da lambobi. Layin sinyal ya tsaya ja. Na karanto daga dama, ja. Na karanto daga hagu, ja. Na ce iska ce ta juya farantin.

"Malam, sauran tasoshi na kamawa," in ji Idi. "Ba laihin hwaranti ba ne."

Sai a lokacin na dubi takardar da kyau. Gidaje tara ne, ga addu'ar waraka zagaye da su. Wato tun ɗazu maganin gwiwa nake ɗura wa dekoda. Na kira mai parabol a ɓoye, wayarsa a kashe.

Daidai nan Inna ta fara yabona.

"Ku ba shi lokaci, Malam na da hannu. Layar da ya yi mini, tun ranar da baduku ya ɗinke ta na ɗaura, da ƙahwata nike zuwa kasuwa. Har Gaje ta ara kwana biyu, bayanta ya sake ta. Ko ba haka ba, Gaje?"

Gaje, maƙwabciyarta, ta ce haka ne, har ma tana son tata.

Ina iya cewa an rufe tashar, in tashi da mutuncina. Na kusa faɗa, Allah Ya gani. Amma ga azumin Arfa a bakina, ga Inna ta matso da tabarmarta gaban tele tana cewa tun da aka ɗaura musu aure ita da mijinta ba su taɓa rabuwa haka ba. A wurinmu kuwa suruki ba ya haɗa ido da suruka, balle ya nemi abin da ke ɗaure a gwiwarta. Na yafito Rabi, na raɗa mata. Na ce ta ja Inna ɗaki ta yi mata bayani a hankali.

Rabi ta dube ni, ta dubi gwiwar uwarta, ta zauna a ƙasa tana dariyar da ba ta fita. Da aka matsa mata sai ta faɗa a gaban kowa.

Kowa ya juya ya dubi gwiwar Inna. Idi ne ya fara magana, a natse.

"Wato kwana tara Inna na yawo da tashar Makka a gwiwa?"

"Har da bayan Gaje," in ji wata daga baya.

Aka kawo reza aka farke ɗinkin. Idi ya miƙo mini takardar da hannu biyu, wai girmamawa, tunda shi bai iya karanta ta ba. Na karanto kaina a ƙasa, shi yana dannawa. Layi ya koma kore, sai ga fararen kaya har iyakar ido. Korayen lemomi kuwa sun fi a ƙirga, kuma kowace aka nuno sai Inna ta ce ga shi nan, ya rame. Ta gan shi sau goma sha ɗaya, ta yi kuka a kowanne.

Da aka lafa na ba Rabi hatimin gaskiya ta kai mata, tare da ban haƙuri. Inna ta juya shi, ta mayar.

"Ki ce ma Malam ya riƙe wannan. Waccan nike so. Takardar da ta kawo Makka har rumhwata, gwiwa ce za ta gagare ta?"

Aka mayar wa baduku ya sake ɗinkewa. Har yau tana ɗaure da ita, kuma duk lokacin da tele ta rikice sai Idi ya bugo mini: "Malam, a kwanto Inna ko kana da wata?"

Tun daga ranar nake roƙon Allah Ya raba ni da cewa "ni zan gyara". Na kuma sa tela ya ƙara wa kowace rigata aljihu na biyu.