Ranar da Ciyaman Ya Hango Zuhal

A duk unguwar babu wanda Allah ya hore wa hangen nesa kamar Ciyaman. Wannan ba zancen 'yan koren yabo ba ne. Shi da bakinsa ya sha faɗa, kuma ba wanda ya fi shi sanin kansa.

Ya yi aikin ofis har ya yi ritaya a kujerar mataimakin darakta, inda ya yi suna wajen saurin aiki. Takarda ba ta taɓa kwana a teburinsa ba, domin ba ya ɓata lokaci wajen karanta ta. Ma'aikata suka laƙaba masa Sa-Hannu, shi kuwa ya ɗauki sunan a matsayin lambar girma. Da ya dawo gida, mazauna layin suka ga bai dace irin wannan baiwa ta yi tsatsa ba, suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu da gagarumin rinjaye. Shi kaɗai ya tsaya takara.

Mulki ya tafi lafiya lau, in ban da fitila guda, ta titi, wadda ke kwanar layi. Fitilar nan tana da hali irin nata. Takan kama garau ta daɗe tana haske har mutum ya saki jiki, sai ta hau rawar ɗari, ta yi ƙifce-ƙifce, ta mutu, ta bar mai tafiya daidai bakin lambatu. Sista, ma'aikaciyar jinya da ke tasowa daga asibiti bayan duhu, ta taɓa zurma ƙafa a ciki da farin takalminta. Tun daga nan kowane taro sai ta tayar da maganar, kowane taro kuma amsa ɗaya take samu.

“'Yata, ni ban taɓa ganin fitilar nan ta yi wani abu ba. Shugaba ba ya aiki da jita-jita.”

Gaskiya ya faɗa. Da rana yake wucewa ta wurin, kuma da rana fitilar ba ta da laifi ko kaɗan.

Da zaɓe ya ƙarato, Sista ta ce ita ma tana son kujerar. Ciyaman bai ji tsoro ba, barci kawai ya daina yi. Ya yi tunani mai zurfi, ya gano cewa matsalar mutanen layin ita ce kallon ƙasa: lambatu, shara, takalmi. Abin da suke buƙata shi ne shugaban da zai ɗaga musu kai sama. Washegari ya nufi kanti ya sayi madubin hangen taurari mai kwamfuta a cikinsa.

Mai kantin ya so ya yi masa bayani. Ya ce na'urar an yi ta ne don masu koyo, ta haddace taurari fiye da ƙirga, kuma duk wanda aka nema da kanta take juyawa ta nuna shi. Sharaɗinta ɗaya: sai an fara sanar da ita inda take tsaye. A kafa ta bakinta na kallon arewa. Za ta juya wajen wani tauraro mai haske bisa kintace, ta tambaya ko yana tsakiyar gilashi. Sai a sunkuya a leƙa, a matsar da ita da maɓallai har ya shigo tsakiya, sannan a danna E. A sake haka da tauraro na biyu. Daga nan ta gane sama.

“Malam,” in ji Ciyaman, “sashe guda na ma'aikata na riƙe. Ba ni za a koya wa cewa E ba.”

Abin da ya dame shi kawai shi ne rubutun jikin kwalin, inda aka ce don masu koyo. Ya sa aka liƙe wurin da salatif kafin a ɗora a mota. Kafin kwalin ya iso gida, 'yan layin sun ƙara masa muƙami: Kwamishinan Taurari.

Ana gobe zaɓe ya gayyaci kowa saman benensa bayan faɗuwar rana, don a ga Zuhal, duniyar nan mai zobe. An jera kujeru sahu-sahu, dukansu na kallon inda zai tsaya, domin a iya saninsa nan ne abin kallo yake. Uwargida, wadda ta ɗauko ƙafafun na'urar daga ƙasa, ta tambaye shi a hankali:

“Baban yara, ka gwada abin nan jiya kuwa?”

“Kwamfuta ce, ba risho ba. Ita za ta gwada kanta.”

Ya kafa ta. Arewa ba ta yi masa ba, don ta nan tambarin kamfanin ba ya fitowa a hoto, sai ya juya ta inda baƙi za su fi ganin ƙyallinta. Ya kunna. Na'urar ta yi gurnani mai daɗin ji, ta ɗaga kai, ta tsaya. Ɗan allon rimot ya yi tambayarsa: tauraron yana tsakiya?

To, leƙawa sai da sunkuyo, kuma mutum sanye da kwat, gaban masu jefa ƙuri'a, ana gobe zaɓe, ba ya sunkuya wa ƙarfe. Ciyaman ya danna E. Na'urar ta sake juyawa, ta sake tambaya. Ya sake danna E, wannan karon ma bai kalli rimot ɗin ba. Na'urar, baiwar Allah, ta yi abin da ƙananan ma'aikata suka daɗe suna yi: ta yarda da shi. Allon ya rubuta cewa saiti ya kammala cikin nasara.

“Kun gani?” Ya ɗaga rimot sama. “Wasu sai su kwana suna leƙe-leƙe. Ni aiki ba ya kwana a hannuna.”

Aka yi tafi. Ya nemi Zuhal. Na'urar ta juya cikin ƙasaita, ta fara sunkuyar da kai, ta ƙara sunkuyarwa, har bakinta ya kusa daidaita da katangar benen. Mai kemis na layin ya ce shi dai ya zaci taurari a sama suke.

“Sauka yake yi wani lokaci,” in ji Ciyaman. “Sai wanda ya karanta fannin.”

Yanzu da aiki ya ƙare, sunkuyo ya zama na bincike, ba na ƙasƙanci ba. Ya sa ido. Ga wata ƙatuwar da'ira ruwan ɗorawa ta cika gilashin, da baƙin rami a tsakiyarta. Akwai ɗan abin murɗawa a gefe mai gyara gani, amma wa zai gyara abin da ya riga ya yi kyau?

“Jama'a,” ya ce, “ga zoben Zuhal. Manyan masana sun tsufa ba su gan shi da girma haka ba. A ƙarƙashin shugabancina kuka gani.”

Aka yi layi. Mai kemis ya leƙa ya ce kamar tayar keke da aka cinna wa wuta. Tela ya ce tabarkalla, ya sake leƙawa. Uwargida ta daɗe, ta ɗago ta ce a hoton kwalin ta ga kamar akwai ƙwallo a tsakiyar zoben.

“Tsohon hoto ne,” in ji Ciyaman. “An samu ci gaba.”

Ya karɓi wurinsa, ya ci gaba da jawabi ido a gilashi. Ya yi bayanin nisan Zuhal, wanda ya ce mota ba za ta kai ba ko da sabuwa ce. Ya nuna takaicinsa kan masu ƙaramin tunani da ke son mayar da ƙungiya ofishin gyaran ƙwan lantarki. Yana cikin haka sai ya zabura.

“Ikon Allah! Jama'a, Zuhal na rawar ɗari! Ga shi yana ƙiftawa... ya sake... ya ɓace!”

Daidai lokacin aka jiyo salatin wani mai keke daga kwanar layi, da ƙarar faɗawa ruwa, sannan zagi mai lafiya wanda ya nuna bai ji ciwo ba.

Babu wanda ke benen nan da bai haddace wannan jerin ba: rawar ɗari, ƙifce-ƙifce, duhu, salati. Kawuna suka juya gaba ɗaya, suka bi tsayin na'urar da kallo, daga gindinta zuwa bakinta, daga bakinta zuwa ƙarshen titi.

“Ya dawo!” in ji Ciyaman. Can kwanar layi ma fitilar ta dawo.

Sista ta matso cikin ladabi, hannuwa a baya.

“Baba Ciyaman, mu na baya ba mu ji sosai ba. Me ka ce ka gani?”

“Da idona, 'yata! Ya yi rawa, ya ƙifta, ya mutu, ya dawo. Ba labari aka ba ni ba.”

“Ba jita-jita ba ce ke nan?”

“Wace irin jita-jita? Ga na'ura, ga shaidu!”

“Alhamdu lillahi,” in ji Sista. “Jama'a, ku ne shaidun.”

Mai kemis, wanda dariya ta hana shi tsayuwa, ya dafa na'urar, ya murɗa ɗan abin nan na gefe don ya ga ƙarshen zance. Zoben ya tsuke, ya tsuke, ya zama ƙwan fitila, da murfinsa fasasshe, da ƙwari suna kewaya shi. Aka sake yin layi, wannan karon ya fi na farko tsawo. Tela ya ce a gaskiya bai taɓa ganin fitilar da kyau haka ba. Zuhal na ainihi kuwa yana can sama bayan ƙeyar Ciyaman, inda yake tun farkon taron, ba wanda ya dame shi.

Washegari aka yi zaɓe. Ciyaman ya samu ƙuri'a ɗaya, Sista ta kwashe saura. Uwargida ta ce ta manta tabaranta a gida, ba ta san inda ta dangwala ba. Kafin mako ya zagayo an gyara fitilar, an rufe lambatun.

Kada a ce ya faɗi. Kamar yadda yake bayyana wa duk baƙon da ya zauna, shi ne shugaba na farko a tarihin layin da ya binciki matsalar fitila da kwamfuta, kuma a kan rahotonsa sabuwar gwamnati ta yi aiki. Yakan hau benen da yamma, shi da na'urarsa, suna zaman mutunci. Ta tambaye shi, ya ce E, ta yarda. A duk layin, ita kaɗai ta rage.