Saje Ya Rasu, Ya Bar Rabin Kan Amarya

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika maƙil, amma cikin miƙa kai ga nufin Ubangiji, Mama Afiniki Zamani ta bayan tashar jirgi, Kafanchan, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da Zumuntar Mata, da 'yan kwaya masu waƙa a majami'a, da duk macen da ta taɓa riƙe kunnenta a tsakar gidanta, rasuwar matajin wutarta, wanda aka fi sani da Saje. Ya rasu yau Juma'a, sha biyar ga Nuwamba, 1974, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, bayan shekara goma sha tara yana miƙe gashin mata ba hutu ba fansho. Ya tafi ya bar aiki a hannu, wato rabin kan amarya.

Amaryar kuwa ba wata ba ce, Magdalene ce, 'yar Mama Afiniki tilo, wadda za a ɗaura wa aure gobe Asabar ƙarfe goma a majami'a. A halin da ake ciki, ɓangaren hagu na kanta ya kwanta luf yana sheƙi har wuya, ɓangaren dama kuma yana nan tsaye cak yana kallon sama. Iyali suna roƙon masu zuwa gaisuwa su tsaya ta hagun amarya, in wurin ya cika su dubi ƙasa.

Ga 'yan kaɗan ɗin da ba su san marigayi ba, mataji ne baƙi ƙirin, mai nauyi, mai ƙotar katako, wanda ake ɗorawa a kan garwashi ya ɗauki zafi a miƙe murɗaɗɗen gashi da shi. An haife shi a ƙasar waje, amma ba a san garin ba, don hayaƙi ya daɗe da cinye rubutun da ke wuyansa. Ya iso Kafanchan a 1955 daga Fatakwal, cikin jakar abincin Baba Zamani, mijin Mama Afiniki, wanda a lokacin fayaman ne, mai zuba wa jirgin ƙasa kwal. Tsarabar ban haƙuri ce, saboda wani laifi da iyali ba su ga amfanin tono shi ranar makoki ba. Matan unguwa ne suka raɗa masa Saje, domin bai taɓa ba gashi umarni sau uku ba.

Marigayi mutum ne mai ƙa'ida. Bai taɓa hawa kai mai datti ba, sai an wanke an bar shi ya bushe ƙarau. Bai yarda da cakuɗi ba: a tsaga gashi ƙanana-ƙanana, a ɗaure kowane tsagi a gefe, a zo masa da su ɗaya bayan ɗaya. Man basilin kaɗan yake so, ɗan lakuce a kan yatsa, don ya sha faɗa da muryarsa cewa shi miƙewa ya zo yi, ba suya ba. Ba ya zama a kan harshen wuta mai hayaƙi, sai garwashin da ya yi ja ya natsu. In an ɗauke shi daga murhu, sai an goge shi da tsumma, a ɗora shi a kan farar takarda. In takarda ta yi ja, sai kowa ya jira har ransa ya huce. Daga bakin gashi yake farawa ya hau zuwa gindi, haƙora su buɗe hanya, gadon bayansa ya bi ya danne a hankali. Duk wadda ta fita daga hannunsa ta san sauran aikin nata ne, ta ɗaure kai da ɗankwali kafin ta kwanta.

Ba shi da yawan magana. In ya gamsu sai ya ce "tsssss". In an cika masa mai sai ya ce "caaaa", ya tofa wa mutum a wuya. Mama Afiniki ce mai fassara shi, kuma fassararta ba ta wuce biyu: "Riƙe kunne," da kuma, "Ba shi ne ya ƙona ki ba, tururi ne."

Tun da labari ya fita ake ta shaida a kansa. Malama Paulina, wadda ta zo daga Manchok don biki ta tarar da makoki, ta ce, "Ni Saje ne ya kai ni coci. Kafin shi, kum na taje kai har uku gashina ya karya. Ranar wedin ɗina maigida ya wuce ni a ƙofa yana tambaya ina amarya ya shiga." Lucia ta Godogodo ta ɗaga ɗankwali ta nuna tabo a saman kunnenta, ta ce, "Wannan shi ya ba ni, shekara sha ɗaya kenan. Mutum ne mai zafi, gaskiya, amma ba ya riƙe mutum a zuciya." Ta faɗa ta fashe da kuka, wasu mata shida suka taɓa kunnuwansu suka taya ta.

Shekarun ƙarshe sun zo wa marigayi da gwaji. 'Yan matan da aka tura karatu Zariya da Jos suka fara dawowa da afuro, kai buzu-buzu ya fi faifai faɗi, suna wuce ƙofar Mama Afiniki ko kunya babu. Wannan bai ƙona mata rai ba kamar ranar da ta je tarbar jirgi ta ga wani ƙaton gashi ya sauko daga tarago, ta leƙa ƙarƙashinsa ta tarar da 'yarta. Shekara huɗu Magdalene ba ta bari Saje ya kusanci kanta ba. Mama Afiniki kuwa ta gyara amaren Kagoro da Zonkwa da Manchok, har da na mutanen da ba sa gaishe ta, kuma duk amaryar da ta zauna a gabanta, tata take gani. Ranar nan guda take jira tun yarinyar tana rarrafe a gindin murhu, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba.

Wata uku aka yi ana jan magana. Magdalene ta ce, "Mama, gashin da Allah ya ba ni, mene ne laifinsa?"

Mama Afiniki ta ce, "Allah ya ba ki masara ma. Ɗanye kike cinsa?"

Aka kira inna, aka kira matar Fasto, aka yi fushi, aka bar gaisuwa kwana biyu. Daga ƙarshe yarinya ta ga uwarta tana goge Saje da gefen zaninta ba tare da akwai kan da za a yi ba, sai ta ce, "To, Mama. Sau ɗaya. Don ke."

Ciwon ajali gajere ne. An fara aiki ƙarfe bakwai na safiyar yau. Gashin da ya shekara huɗu yana cin gashin kansa bai zo da biyayya ba, marigayi ya yi ta shiga yana fita, tsagi biyu sai ya huce a mayar da shi murhu. Awa uku aka ci a ɓangaren hagu kaɗai. Duk wannan lokaci Baba Zamani, wanda ya yi ritaya ba shi da aiki sai ba da shawara, yana zaune a gindin mangwaro yana duban murhun da ido na raini.

Ya ce, "Afiniki, wannan ba wuta ba ne. Wannan na ɗumama tuwo ne. Shekara ashirin da takwas ina aikin wuta, ni na san wuta."

Ta ce, "Zamani, taɓa shi ka gani."

Gargaɗi ne, kowa a gidan ya shaida. Shi dai ya ce bai ji shi haka ba. Ana cikin haka motar dangin ango ta tsaya a ƙofa, Mama Afiniki ta ajiye Saje ta fita tarbar surukai. Baba Zamani ya naɗe marigayi a hularsa, ya hau keke, ya nufi shedin da ake hura kawunan jirgi, inda tsohon abokinsa Hussaini yake ba wani inji wuta. Nufinsa alheri ne: ya ba Saje zafi na gaske sau ɗaya, wanda zai gama ɓangaren dama ba tare da komawa murhu ba. Da aka tambaye shi yadda zafin zai kai gida, tafiyar mil ɗaya da rabi, ya ce ai da sauri ya yi niyyar tuƙawa.

Suka kwantar da marigayi a kan shebur, suka tura shi cikin tanderun inji, suka tsaya jira. Nan gardama ta tashi a kan wane inji ne ya fi hawan tudun Kagoro a 1958, kowa yana rantsuwa da nasa. Hussaini, wanda shi ne na ƙarshe da ya ji muryar marigayi, ya ce sauti ɗaya ya yi, "fut", daga nan bai ƙara ba.

Baba Zamani yana nan a kan bakansa cewa ƙarfe ba ya narkewa a minti goma, kuma iyali sun bincika sun tarar gaskiyarsa ce. Sai dai Saje ba ƙarfe ba ne. Tagulla ne, baƙin hayaƙin shekara goma sha tara ne ya rufe asalinsa, har mai shi ba ta sani ba.

Aka dawo da gawa a cikin hula, dunƙule guda, girman ƙosai, yana walƙiya. Mama Afiniki ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi tsorata mijinta. Ta karɓa da hannu biyu, ta zauna a kujerar da amare suke zama, ta daɗe tana juya shi. Can ta ce, "Ashe kai jan mutum ne, Saje. Ina ta aiki da kai ban taɓa wanke ka in gani ba."

Matan Zumunta ba su zauna ba, Allah ya saka musu. An kawo shawarar dutsen guga. An gasa cokali mai yatsu an gwada a goshin Malama Paulina, wadda yanzu take karɓar gaisuwa tata ta daban a ɗakin baya. Lucia ta ce akwai mai mataji a Zonkwa, in an kama motar yamma za a dawo da shi kafin safiya. Mama Afiniki ta ce baƙo ba zai ƙarasa aikin Saje ba. Aka yi ta roƙonta, har ta fara sassautowa.

Sai Magdalene ta taso da rabin kanta, ta durƙusa a gaban uwarta, ta kama kunnenta na dama ta lanƙwasa shi ba wanda ya ce ta yi. Ta ce, "Mama, a kawo na Zonkwa ɗin, zan zauna. Ko na guga ne zan zauna. Ki daina wannan shiru."

Mama Afiniki ta dubi yarinyar. Sai a lokacin ta tuna cewa awa uku ta yi a kan wannan kai da safe, amarya ido a rufe, ba hira, ba dariya, ba ta ko nemi madubi ba. Duk amaren da suka zauna a kujerar nan, ba wadda ba ta ƙwace madubi tun kafin a gama ba. Abin ya soke ta fiye da mutuwar, kunya da tausayi suka kama ta tare. Ta cire hannun 'yarta daga kunnen, ta ce wa Lucia kada kowa ya je Zonkwa.

Marigayi ya rasu ya bar matarsa, kwalbar basilin, wadda ta kusa ƙarewa don baƙin ciki, da amininsa murhun gawayi, wanda aka zaga a gaban jama'a kuma yau gaskiya ta wanke shi, da tsumma, da tsohon littafin makaranta mai sauran farar takarda huɗu, da tabo masu yawa a kunnuwa da ƙeyoyi daga nan har Godogodo. Ya kuma bar Baba Zamani, wanda har zuwa rubuta wannan sanarwa yana raye, cikin ikon Allah da sa bakin Fasto.

Ga tsarin jana'iza. Gobe Asabar ƙarfe shida na safe za a ajiye gawa a kan turmi a tsakar gida don masu son ganin ƙarshe. Fasto ya ce ba zai yi wa mataji addu'a ba, amma ya yarda ya tsaya kusa ya cire hula. 'Yan kwaya za su yi waƙa ɗaya a hankali, su adana murya don ƙarfe goma. Za a binne marigayi a bayan kicin, Baba Zamani ne zai haƙa kabari, kuma an roƙe shi kada ya ba da shawara a kan zurfinsa.

Ƙarfe bakwai za a yi hidima ta ƙarshe. Mama Afiniki za ta zaunar da amarya a kujera, ta zuba ruwan ɗumi a ɓangaren hagu. Duk macen da ta san aikin mataji ta san abin da ruwa yake yi masa: gashin zai murɗe ya koma gidansa, aikin ƙarshe na Saje ya bi shi. Bayan haka za ta taje kan gaba ɗaya ya tashi tsaye, da wani matajin katako mai dogayen haƙora da Magdalene ta kawo daga Zariya. Ba ta iya riƙe shi ba, amarya ce za ta nuna mata.

Ana roƙon mata kada kowa ya karɓi ƙwaryar ruwan daga hannunta. Ta ce ita ta haifi wannan kai, ita za ta mayar da shi yadda ta same shi.