Ranar da Aka Ce a Shafa wa Tukunyar Usta Mai

Jiya da hantsi na ciro ƙofar ɗakin tantabaruna da ke kan soro, na saɓa ta a kafaɗa zuwa layin maƙera, don Usta Mitwalli mai walda ya ɗinke inda ta tsage. Na toshe gurbin da kwali, na roƙi tantabarun su yi mini haƙurin awa guda.

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma shekara talatin ina zama a bakin shagon Usta, ba don komai ba sai don kumfa. Kullum kafin ya kunna wuta sai ya bi mahaɗin tiyon iskar walda da ruwan sabulu. In kumfa ta taso, iska na yoyo ke nan, ba aiki sai an gyara. Ni kuwa a jikin kumfar nan nakan ga birninmu Iskandariyya duka a kife, har da jiragen ruwanta.

Ina cikin wannan kallo sai ga baƙar mota. Wani Basha, babban jami'in gwamnati, ya fito, Allah ya ƙara masa tumbi da lafiya, magatakarda na biye da shi. Ashe makon kiyaye lafiyar masu sana'a ne, kuma ran Alhamis Babban Basha, wanda ko inuwarsa ba mu taɓa gani ba, zai ratsa layinmu. Takarda ta fito daga sama cewa kowane ƙarfe ya yi ƙyalli.

Basha ya tsaya gaban doguwar tukunyar oksijin, ya lakuci kan famfonta da yatsa.

"Kai Usta, wannan busasshen abu fa? A shafa masa mai."

"Ranka ya daɗe, wannan iskar ba ta shiri da mai. Ɗigo ɗaya ya taɓa bakin nan, ba ta jiran ashana. Ko hannuna in na ci waken safe da man zaitun, sai na wanke shi da sabulu kafin in taɓa ta."

"Takarda ba ta ce ban da oksijin ba. Ko ka shafa, ko in sa wa shagon nan jan hatimi yanzu."

Jan hatimi, jama'a, shi ne rufe shagon da ke ciyar da mutum tara.

Sitt Nawal mai shayi ta leƙo daga rumfarta. "Basha, in za ku tashi sama ku faɗa mini in kwashe kofunana tukuna."

Usta ya murza kunnensa na hagu, wanda rabinsa ya tafi tun yana saurayi, ranar da wani ya taɓa irin famfon nan da tsumman baƙin mai, tukunya ta fashe. Can ya miƙe da ladabi, ya ɗauko gwangwanin mai.

"Na ji na bi, ya Basha. Amma ka san al'adarmu, sabon abu babba ke buɗe shi. Zan shafa, kai kuma ka murɗa famfon da hannunka mai albarka. Ni da Baba Fathalla za mu tafa maka daga bakin teku."

Baba Fathalla ni ne. Har na fara neman takalmana.

Basha ya dubi famfo, ya dubi rabin kunnen Usta, ya ja da baya taku uku. Wallahi ban taɓa ganin ilimi ya shiga kan mutum da sauri haka ba. Sai dai takarda ta riga ta sha sa hannu, kuma a ƙasar nan abin da ya sha sa hannu ba ya kuskure. Dole a shafa wa wani abu mai.

Idon magatakarda ya faɗa kan ƙofata.

"Wannan ƙarfe ne?"

"Ƙarfe ne, ɗana, amma na tantabaru ne."

"Yana cikin shago?"

Suka yi mata wanka da mai har tana ɗiga. Basha ya tsaya kusa da ita aka ɗauki hoto, magatakarda ya rubuta cewa an cika umarni, mota ta tafi. Shago ya tsira.

Na ce, "To Usta, ɗana mata wutar in tafi."

Ya ce, "Baba, kai ma Basha ka zama? Ƙarfe jiƙe da mai zan sa wa wuta? Tafi ka wanke ta, ta bushe, ka dawo bayan Alhamis. An ce kada a kunna wuta ranar, don hayaƙi yana sa Babban Basha tari."

Da na koma soro na tarar kwali a ƙasa, ɗaki wayam. Tantabaru goma sha ɗaya suna can ƙololuwar hasumiyar masallaci suna kallona, na yi fito har bakina ya gaji, sun ƙi saukowa. Ban ga laifinsu ba. A duk makon kiyaye lafiyar nan, su kaɗai na ga sun gane inda ya kamata a tsaya in manya sun zo duba aiki.